Wa'adi Biyu na Malam Silvanus

Duk wanda ya zauna unguwar 'yan reluwe a Kafanchan ya san Malam Silvanus, mai ba jirgi hannu a tasha. Gajere ne, in ya ɗaga jar tuta sai ka rantse tutar ce ke riƙe da shi. Iyakar tafiyarsa a duniya Inugu, amma in ya gama sauraron labarin zaɓen Amurka a rediyo, sai ka ce a can aka yanke masa cibiya.

"Mutanen nan suna da tsari," haka yake gaya wa matarsa Hellen. "Mai son mulki sai ya bi jiha-jiha yana roƙo, tukuna ma jam'iyyarsa ta tsayar da shi. Sannan a tsayar da su biyu a gaban jama'a su yi muhawara. In ka ci, shekara huɗu. Ka sake ci, huɗu. Shi ke nan, ko mala'ika ne kai, ka tafi gida. Da can wani ya ci sau huɗu har ya mutu a kan kujera, shi ne suka rubuta doka."

"Baban Bernice, tuwonka bai san Amurka ba, yana hucewa," in ji Hellen.

Abin da ke cin Silvanus ba Amurka ba ne, kwaya ce, wato ƙungiyar mawaƙan coci. Shekara ashirin da biyu Baba Meshak yana shugabancin mawaƙan cocinsu, har muryarsa ta koma kamar ƙofar kwano, kuma ba mai iya ce masa sauka. A 1971 Silvanus ya kai wa dattawan ikkilisiya takarda: a riƙa zaɓe duk shekara huɗu, kuma kada kowa ya wuce wa'adi biyu. Da hannunsa ya rubuta, har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Dattawa suka amince, shi kuma ya tsaya takara da Baba Meshak.

Kamfen ɗin kuwa ba a taɓa ganin irinsa ba. Mawaƙa talatin da ɗaya ne kacal, amma sai da Silvanus ya kashe tayar keke uku. Ya je har Kagoma don wata mai siririyar murya da ta tafi girbin doya. Ya ɗauki jariran da ba su da ƙuri'a, suka yi masa fitsari, ya ce albarka ce. Ranar muhawara Baba Meshak ya ɗaga littafin waƙoƙinsa da ya tsufa ya ce, "Ni wannan na sani." Silvanus ya yi magana awa ɗaya. Ya ci. Tsoho ya miƙa masa sandar ba da waƙa, ya koma bencin baya, yana ta share ido da hula.

Gaskiya Silvanus ya iya. Yadda yake tsayar da jirgi da hannu ɗaya, haka yake tsayar da murya talatin. Hellen tana layin gaba, ita ke ɗaga waƙa. A 1975 aka sake zaɓensa ba hamayya.

Sai a damunar 1978 Hellen ta kwanta, kwana tara ta rasu. 'Yarsu ɗaya, Bernice, tana aure a Legas. Reluwe kuma ta sallame shi a shekarar. Gida ya yi masa faɗi. Ya daina kunna rediyo, don ba mai ce masa tuwo na hucewa. Abin da ya rage masa shi ne koyon waƙa na Laraba da Asabar, inda har yanzu mawaƙa ke barin wurin Hellen ba kowa, shi kuma yana kallon wurin kafin ya ɗaga sanda.

Da 1979 ta shigo, ƙasa duka tana shirin zaɓe irin na Amurka, kowa na ce masa, "Malam, maganarka ta fito." Shi kuwa ƙirga Larabobin da suka rage masa yake yi.

Fasto ya same shi a ƙofar coci. "Malam, takardar nan ai ba Littafi Mai Tsarki ba ne. Dattawa sun ce a ƙara maka."

Silvanus ya so ya ce to. Bakinsa har ya buɗe. Sai ya hango Baba Meshak yana dogara sanda zai shiga.

"Da na sauke tsohon can, an ƙara masa?" ya ce. "Ni na ja layi biyu."

Aka zaɓi Rufus, wani malamin firamare. Lahadin farko Silvanus ya shigo, ƙafafunsa suka kai shi gaba kamar kullum, sai da ya isa tsakiyar coci ya tuna. Ya juyo. An riga an sa wata a wurin Hellen.

A bencin baya Baba Meshak ya matsa, ya ɗauke hularsa daga kan katako.

"Zauna, ɗan Amurka. Shekara takwas ina ajiye maka wurin nan."

Aka ɗaga waƙa. Rufus ya yi sauri kaɗan. Hannun Silvanus ya fara tashi da kansa, tsohon ya kama shi ya mayar kan gwiwa, bai kuma sake shi ba har aka ce amin.