Ba Daji Ba Ne, Kurmi Ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Issufu. A cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, nake rubuta wannan da waya, ku yi haƙuri da gaggawata.

Ɗan Damagaram ne. A shekarun 1980 ya sauka Pari, bai daɗe ba ya zarce garin Villeurbanne karatun tsirrai, daga can malamansu suka kai su Guyane, wata ƙasa a hayin teku. Mutumin da ya tashi inda ake rigima a kan inuwar gawo ɗaya, sai ga shi inda inuwa ta yi yawa har ya yi kewar rana. Azahar ta yi, ya ɗaga kai don ya gane gabas, bai ga komai ba sai ganye bisa ganye.

Kuskure ɗaya ne ba ya yafewa: ka kira wurin daji. "Daji na ƙaya ne da kurege," in ji shi. "Wannan kurmi ne, kuma ba iri ɗaya ba. Akwai na fadama mai haɗiye ƙafa, akwai na bakin kogi, akwai na kan dutse inda itace ke gajarta. Can sama kuwa wata duniya ce, kwaɗi na rayuwa cikin ruwan da ganye ya tara."

Yau masu haƙar zinariya sun mai da wasu kogunan can kamar kunu. Me zai ce? Na san shi, ba zai tsaya tsaki ba, tambaya zai yi wa ke auna ɓarnar.

To, ni aka ba wannan aikin, awon ruwa, shekara biyu. Inna kuwa so take in karɓi butik ɗinta, kantin da ke unguwar Guillotière, gwiwoyinta sun gaji. Jiya muna ɗaure kuka a leda ta ce, "Hadiza, ke mace, daji za ki?"

"Kurmi, Inna."

Ta dube ni ta daɗe. "Taurin kan nan na san inda kika samo shi."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baba bai bar mana gida ba, bai bar mana kanti ba. Ido ya bar mini, mai ganin bambanci inda wasu ke ganin kore kawai, kuma ido irin wannan ba na ajiya ba ne. Ƙanena zai riƙe butik, mun gama magana. Ran Litinin zan ce wa masu aikin ina zuwa. Allah ya jiƙanka, Baba.