Ruwan Sanyi Daga Hannun Ƙanƙara

Ƙanƙara ake ce masa, kuma ba don sanyin hali ba, domin mutumin idan ya buɗe baki sai an yi da gaske yake rufewa. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Tun yana saurayi ya kama aiki a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti, bai bar wurin ba sai da furfura ta gama cinye masa kai. Idan aka tambaye shi ya aiki, sai ya ce babu ma'aikacin da ya kai shi sa'ar abokan hulɗa: ba mai tsawa, ba mai ƙorafi, ba wanda ya taɓa tashi ya ce a kira masa shugaba.

Sanyi kam ya san shi ciki da waje. Duk gidan da ya shiga, kafin a gama gaisawa idonsa ya riga ya sauka kan firji. Sai ya kara kunne a jikinsa, ya shafa robar ƙofar, ya girgiza kai ya ce, "Wannan da a wurinmu yake, da tuni an ji kunya." Masu gida su yi dariyar yaƙe, bayan ya tafi su rasa sha'awar naman da suka ajiye.

Firji ɗaya ne a duniya bai isa ya taɓa ba, shi ne na gidansa. Laifinsa ne kuwa. Suna sabon aure ya dawo daga aiki, ya lallaɓa ta bayan amarya ya ɗora mata hannu a wuya, hannun kuwa sanyi ƙalau. Ta ƙwalla ƙara, ta watsar da tiren da ke hannunta. Maimakon ya ba ta haƙuri, sai gogan naka ya ce, "Haba, duk wanda na taɓa yau bai yi ihu ba sai ke." Shi ke nan. Daga ranar ba ta sake karɓar wani abu mai sanyi daga hannunsa ba. Sun haifi 'ya'ya, sun aurar, sun yi faɗa sun shirya, ta yi jinyarsa ya yi jinyarta, amma in ruwan sanyi ne, sai dai ya ajiye a kan tebur, ta jira ya janye hannu, ta ɗauka da kanta, wani lokacin ma ta bar shi nan ya huce. Yakan mayar da abin wasa a gaban mutane. Amma yana ci masa rai ƙwarai, kuma girman kai bai bar shi ya faɗa ba.

Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas da asibitin ya yi gwanjonta. Mamansu, kamar yadda yake kiran matar, ta zagaya motar tana leƙe, hannu a ƙugu.

"Malam, tsakaninka da Allah, waɗanne irin fasinjoji wannan motar ta ɗauka?"

"Zannuwan gado take kaiwa wanki."

"Zannuwan kawai? Ba da masu su a ciki ba?"

Sai da ya kawo tsohon direban motar ya ba da shaida kafin ta yarda ta sa ƙafa a ciki. Ƙanƙara ya cire kujerun baya, ya kafa ɗan gado ya shimfiɗa katifa, ya rataya labule, ya sanar da gida cewa shi da Mamansu za su tafi bakin wani tafki su yi kwanaki, su dafa a can, su kwana a mota. Ya ce ya gaji da zama da waɗanda ba sa motsi, yana so ya ga tsuntsaye. Abin da bai sanar ba shi ne, a can babu tebur, babu firjinta, babu kowa sai su biyu da rana. Ya sa a ransa cewa a can ne ko dai ta karɓi ruwa daga hannunsa, ko ya haƙura har abada.

Saura firjin mota. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, mutum ne da ba ya sayen ko tsintsiya sai ya duba waya, shi ya raka shi shago. Mai shago ya tarbe su da fara'a, bai san wanda ya shigo masa ba.

Ya fara nuna musu mafi arha, wani akwatin roba mai fanka a murfi. Ƙanƙara ya sa hannu a ciki, ya taɓe baki. "Wannan ai fifita yake yi. Rana na yin zafi zai sallama, ga shi ba ya hutawa, yini zai yi yana tsotsar batirin mota. A ba ni mai kwamfuresa, injin nan irin na firjin gida, wanda in ya kai sanyinsa zai yi shiru ya kwanta." Ya tambaya ko yana kashe kansa idan batiri ya yi ƙasa, don kada a wayi gari da ruwa mai sanyi da mota matacciya. Mai shago ya ce yana yi. Ƙanƙara ya gyaɗa kai, ya buga murfin wani babba ya ce, "Wannan mutum nawa yake ci?"

Mai shago ya zaro ido.

"Kwalba," in ji suruki da sauri. "Kwalba nawa Baba yake nufi."

Can mai shago ya jawo su lungu, ya nuna musu wanda ya ce ya fi dacewa da ƙaramar bas: ba tsada, ba cin wuta, kuma yana shiga ƙarƙashin gado daidai. Launin toka ne, na ƙarfe, ba murfi gare shi ba, aljihu ne da ake jawowa. Suruki ya duba waya, waya ta yarda. Ƙanƙara ya kama mariƙin ya ja. Aljihun ya sulalo waje a hankali, da ɗan sautin nan na ƙarfe a kan ƙarfe, hucin sanyi ya bugi gwiwarsa. Hannunsa ya san wannan jan tun a ɗakin gawa, fiye da yadda ya san hanyar bakinsa. Ya tsaya yana kallon cikin aljihun, ya hango Mamansu a bakin tafki tana kallonsa yana jawo mata ruwa daga ciki. Ya mayar ya rufe.

"Ba na so."

"Baba, ai shi ya fi," in ji suruki.

"Mai buɗewa ta gefe zubar da sanyi yake yi. A ba ni wancan mai murfi a sama." Wancan ɗin ƙarami ne, ruwan ɗorawa, mai kama da abin wasan yara, kuma ba zai shiga ƙarƙashin gado ba. Zancen zubar da sanyi gaskiya ne, amma suruki ya ga yadda tsohon ya goge tafin hannunsa a wando bayan ya saki mariƙin. Shi kuwa suruki cikinsa ba ya riƙe magana. Kafin firji ya iso gida, labari ya riga ya je wurin matarsa, daga nan ya wuce inda kowa ya san zai wuce.

Shi da Mamansu suka kama hanya, firji na zaune tsakanin kujerunsu an ɗaure shi da bel kamar jika. Mamansu ta taho da gorarta ta ruwa, ta rungume ta a cinya, ta yi ta mita: hanya ba kyau, labulen ya karkace, tsofai-tsofai da su za su je su kwana a mota kamar waɗanda aka kora daga haya. Da suka isa bakin tafkin rana ta take tsaka. Tsuntsayen da ya zo gani duk sun fi shi hankali, sun shige inuwa. Ya shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya, ta zauna tana fifita da gefen mayafi, ta kurɓi ruwan gorarta, ta yamutsa fuska, don ya yi ɗumi kamar na wanka.

Ƙanƙara ya ɗaga murfin firji. Kwalbar da ya ɗauko har raɓa take yi. Ya tako zuwa tabarma da jawabin da ya daɗe yana shiryawa, yana isowa jawabin ya gudu. Wannan mutum da ya yi rayuwarsa a ɗakin da jarumai ke tsoron leƙawa, ga shi gabansa na faɗuwa a gaban tsohuwa mai fifita. Sai ya yi abin da ya saba. Ya sunkuya ya ajiye kwalbar a bakin tabarma, ya janye hannu.

Mamansu ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Miƙo min."

"Ga shi nan kusa da ke."

"Malam, kunnen ma ya yi ritaya ne? Cewa na yi miƙo min, ban ce ajiye ba."

Ya ɗauki kwalbar. Ya sauya ta zuwa hagu, ya shiga goga hannun dama a wando da sauri don ya yi ɗumi.

"Bar shi haka," ta ce. "An ce min ka ƙi mai aljihu."

"Zubar da sanyi yake yi."

"Uhm. Haka aka ce ka ce."

Ta miƙa hannu ta kama kwalbar tare da yatsunsa, masu sanyi da laima. Ba ta yi ihu ba. Ta sha sosai, har ruwan na gangaro mata a haɓa, shi kuwa yana durƙushe yana kallonta. Ta sauke kwalbar, ta yi ajiyar zuciya.

"Shekara da shekaru kana aikin sanyi," ta ce, "iyakar abin da ka iya ke nan? Ko haƙori bai kama min ba."

"Sai in ƙara masa ƙarfi," ya ce, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," in ji ta, ba ta kuwa saki hannun ba.