Taru mai yatsa ɗaya

Ni ɗan Nasarawa ne a Birnin Kebbi, malamin makaranta, kifi kuwa a cikin miya kaɗai na san shi. Sai Allah ya haɗa ni da 'yar masunci daga Gulma. Wata uku mahaifinta yana jan ƙafa kan maganar aurenmu, wai bai san halina ba tukuna.

Na ce bari in burge tsohon nan. Na shiga kasuwar Argungu na sayi taru sabo fil, mafi ƙanƙantar ido, don a wautata wanda ba ya barin komai ya tsere masa shi ne mai kyau.

Na same shi a gindin mangwaro yana ɗinkin homarsa ta kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa. Ya warware, ya zura yatsu a idon tarun. Ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar. Ashe da yatsa masunta ke auna ido.

Ya dube ni ya ce, "Malam, mi ɗiyan giwan ruwa sunka yi maka?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu, ni mai koyar da mutane. Giwan ruwa, in ji shi, a gurbi mai zurfi yake laɓewa, ya jira ƙaramin kifi ya gifta ya cafke. In ruwa ya malala fadama, 'ya'yansa cikin ciyawa suke fakewa, ba su fi ɗan yatsa ba. Sai sun yi shekara da shekaru kafin su kai wanda ƙarti biyu ke ɗauka.

"Wanga taru naka rana ɗaya zai kwashe su. Jikokina mi za su kama?"

Wallahi na ji kunya, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara naɗe kayana, ya ce in bar shi nan, kada in mayar wani ya saya.

Bayan mako na komo da wani. Ya zura yatsu, huɗu suka shige lafiya lau. Ya daɗe yana murmushi kafin ya ce, "Mai jin gyara ba ya ɓata gida. Turo magabatanka."

Ranar da aka kawo amarya, cikin kayanta har da tarun farko. Da shi take rufe 'yan tsaki saboda shaho. Har yau in baƙo ya tambaya, tana harara ta tana dariya take ba da amsa: "Malam ya sayo shi ya ƙare 'ya'yan kifi, Baba ya sa shi gadin 'ya'yan kaji."