Takardar Alewa a Cikin Bindigar Sarkasiyawa

Duk daɗewata a aikin nan, ranar da muka kai wata tsohuwar bindiga Birmingham ba ta fita raina ba. A lokacin ina ma'aikacin gyaran kayan ƙarfe a wani ƙaramin gidan tarihi a Manchester. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, kansul, hukumar garin da ke biyan mu, tana ta rage ma'aikata, kowa ya san kujerata na cikin masu girgiɗi.

Shugaban sashenmu, Dakta Halliwell, masanin littafi ne, amma bai taɓa riƙe guduma ba. A kan teburinsa akwai ƙaramar bindiga ta Sarkasiyawa, mutanen duwatsun Kokesas: siririya, an naɗe ƙotarta da baƙar fata, ga adon azurfa, ga dunƙulen hauren giwa a gindi. Irin bindigar toka ce, ta baki ake ɗura mata albarushi. Da ita yake nuna mutane a wajen taro. Ni kaina ya sha nuna ni da ita yana cewa, "Sani, me sashenka ya tsinana a watan nan?"

Wata safiya ya ce a gyara ta har ƙanƙararta, dutsen ƙyastun da ke tayar da albarushi, ta riƙa ba da wuta, ko baƙi za su ƙaru. Ni kuwa ɗan maƙera ne, a gaban mahaifina na ga ana gyara wa mafarauta irinta. Ƙa'idar farko ita ce a zura sanda cikin bututun, a yi alama, a fito da ita a gwada ta waje. In ba ta kai ƙarshe ba, akwai abu a ciki. Tawa ta gaza da yatsa uku.

Na zura ƙaramar kyamara, sai ga takardar alewa mai rubutun Turanci. Na yi dariya ni kaɗai, na ce wani baƙo ne ya cusa shara. Sai shaiɗan ya raɗa mini wata shawara. Na je ofis, na haɗe fuska.

"Dakta, akwai abu a cikin bindigar nan."

"Wane irin abu?"

"Ba zan rantse ba. Amma shekara nawa kana nuna mu da ita?"

Fuskarsa ta yi fari fat. Ban yi ƙarya ba, takardar ce kawai ban ambata ba.

Doka ba ta yarda mu zaƙulo da kanmu ba, sai mai lasisi. Aka cike takardu, aka samu wani tsohon maƙerin bindiga a Birmingham mai suna Ron. Dakta ya ɗauko ni a unguwarmu Longsight da motarsa. Ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci suna ta wuce mu da hon. Ni kuwa na ɗora akwatin bindigar a cinyata, duk inda muka taka gargada sai in ce, "Kai! Ka ji ta motsa?" Har ganga na riƙa kaɗawa a murfin. Kafin mu isa rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Ron ya ɗaure bindigar bakinta na kallon buhun yashi, ya tsiyaya mata mai, ya zura ƙugiya. Takardar alewa ta fito. Na buɗe baki zan ce, "Ashe wannan ce ta tayar mana da hankali," sai na ga ya sake zurawa. Ya murɗa, ya ja. Harsashin dalma ya faɗo kan faranti, ƙwal. Bayansa baƙin garin albarushi ya zubo.

Ya ɗebi ɗan kaɗan daga busasshen, ya kai tsakar gida ya kusanta ashana. Fuu!

"Wa ya riƙo ta a hanya?" in ji shi.

Dakta ya nuna ni da yatsa. Na tuna inda bakin akwatin yake kallo tun daga Manchester: cikina. Na zauna a kan buhun yashin. Dakta ya dafa kafaɗata ya ce bai taɓa ganin jarumi irina ba, mutum ya rungumi mutuwa yana wasa don ya kwantar wa shugabansa hankali. Haka ya rubuta a rahoto, rahoton kuma shi ya tsirar da aikina. Ban gyara masa ba.

Sauran aikin mako uku ya ci. Muka cire tsatsa, Ron ya sake gasa sifirin kunamar ya tsoma a ruwa don ya yi ƙarfi, na fere sabuwar ƙanƙara, ta ba da tartsatsi tun bugun farko.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ga abin da na koya. Sanda ta ce yatsa uku, takardar alewa kuwa ko ɗaya ba ta cika ba. Lissafin yana gabana, amma ɗokin tsokanar maigida ya hana ni yin sa. Ku yarda da awo fiye da idonku, in kuma za ku tsorata wani da abu, ku fara tabbatar ba ku yake kallo ba.