Layin da Inna Ta Ƙulle a Bakin Zane

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin satin da na gwada wa mahaifiyata sabon layin waya zai fita daga kaina. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce ƙaramin abu ne, cire ɗan kati a sa wani. Ni dai a wurina ba ƙarami ba ne.

Ni tela ne a Matameye, kuma halin sana'ata ya bi ni har gida: ba na yanka sai na auna, na sake aunawa. Maiɗakina takan ce ko kankana zan saya, sai mai ita ya gaji da ni ya ce in tafi da ita kyauta. Inna kuwa tana can ƙauyenmu gaba da Yauri, a ƙasar Kance, ta ƙi dawowa gari. Mu biyu gare ta, ni ɗan fari, sai autanmu da ya tafi cin rani wajen Aljeriya shekaru da dama kafin wannan lokaci. Da farko yakan kira, daga baya sai shiru. Shi ya saya wa Inna layinta kafin ya tafi, kuma lambar nan ita kaɗai ya haddace a duniya. Saboda haka Inna ba ta taɓa barin wayar ta mutu ba. Ko wajen mai caji za a kai ta, da kanta take kaiwa, ta zauna a gefe ta tabbatar ba a kashe ba har ta cika.

Matsalar ita ce rezon layin nan, wato sabis ɗinsa, wuri ɗaya tak yake kamawa a duk gidan, wata ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa, kusa da rumbu. Nan wayar take rataye cikin tsohuwar safa. Wani lokaci ma rezon Najeriya ya taso ya danne shi, ka kira a ce maka babu mai wannan lamba. Inna ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Kafin ta taso daga ɗaki ta iso ƙusar, kiran ya katse. Duk ranar da na kira ban samu ba, sai zuciyata ta fara raya mini ta faɗi babu kowa kusa. In rufe shago, in hau moto, wato babur, in ci wannan hanya mai yashi, in tarar da ita zaune tana ɓarar gyaɗa.

"Lafiya? Wa ya mutu?" Abin da take tarbata da shi ke nan.

Na gaji. Ba na jin kunyar faɗa, na gaji da hanyar nan, na gaji da fargaba, na gaji da masu ɗinki da ke tarar da shago a rufe.

Ana haka sai wani kamfani ya kafa ƙarfensa na rezo a yankinmu. Mai sayar da layinsu ya kafa laima a bakin tasha, yana ta cika mana kunne da lasifika. Da na tsaya sai ya ce, "Malam tela, wannan ko cikin rijiya ka shiga yana kamawa."

Na ce, "Uwata ba a rijiya take ba, a ɗaki take. Ba ni biyu in gwada."

Gwaji kuwa na yi shi irin nawa. Na sa ɗaya a wayata, na ba maiɗakina ɗaya, na kama hanya ina tsayawa ina kiranta: a bakin gari, a kwarin da ruwa ke kwanciya, a gindin gawon da ake jiran mota. Tun tana amsawa da "ina jin ka" har ta koma cewa, "Don Allah ka bar ni in sauke tukunya." A gidan Inna na shiga ɗakinta na kira, na je bayan rumbu, na tsuguna a madafi. Ko'ina murya tar. Da wani ne, da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ce tawa babbar waya ce, ta Inna ƙarama ce tsohuwa, kowace waya da irin kamunta. Sai an sa layin a tata, a bar shi daga wannan kasuwa zuwa waccan, a ga halinsa da safe da rana, ranar iska da ranar hadari. Idan ya ci jarrabawa, sannan in saya mata waya ta biyu, tsohon layi ya koma kan ƙusarsa, sabo ya zauna da ita a ɗaki. Wayar Inna kuwa gurbin layi ɗaya gare ta.

Da na yi mata bayani, ta daɗe tana kallon safar nan. Ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari, sai dai ta ce "kai".

"Kai, to in ƙanenka ya kira fa?"

Na ce, "Inna, shekara nawa yau? Sati ɗaya ne fa. In kin yarda ma sai in tafi da tsohon in sa a tawa, can gari ya fi kamawa."

"A'a. Ni ya bar wa shi. In ya kira, a hannuna zai tarar da shi."

Na ce mata layi in ba ya cikin waya kurma ne, ba ya ji. Ta ce ita ba ta yarda ba, tunda yana jikinta duk abin da ya shigo ba ya zubewa, in an mayar sai a saurara. Ta karɓi ɗan katin, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta yi masa ƙulli biyu. Sallah ta gabato, ɗinki ya taru mini har rufi, rana tana neman faɗuwa. Ban ja maganar ba, na hau moto na dawo.

Gaskiya satin nan na ji daɗinsa. Rabon da in sami kwanciyar hankali irin wannan har na manta. In kira Inna tana kishingiɗe a gadonta, in ji muryarta, in ji kajinta suna ƙorafi a tsakar gida. Ranar da aka yi ruwa da iska na kira, ya shiga. Har ta fara yi mini faɗa, wai in bar ta ta yi salla, ita ba budurwa ba ce da za a dame ta da waya. Na ce wa maiɗakina na gama da hanyar Yauri sai don zumunci.

Ranar kasuwa na sayi ƙaramar waya, na tafi ina ta jin kaina. Inna ta kwance ƙullin, na sa tsohon layi a sabuwar waya, na zura ta a safa na rataye a ƙusa. Ban ko juya ba sai ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta sake. Saƙonni ne irin na kamfani da Faransanci, masu cewa lamba kaza ta neme ka. Lamba ɗaya ce duka, doguwa, ba ta ƙasarmu ba.

Inna ba ta karatu, amma ta karanta fuskata. Ta ce, "Shi ne?"

Na ce ban sani ba tukuna. Na zuba kuɗi a layin na kira. Da yake in an sauke wayar daga ƙusa rezo tafiya yake, dole na bar ta a rataye na buɗe murya, ni da Inna muna tsaye a gabanta. Wani dattijo ya ɗauka, Hausarsa irin ta mutanen Agadas. Ya ce shi mai kanti ne a wani gari can kudancin Aljeriya.

"Eh, wani dogo, ɗan wajen Kance. Ya yi kwanaki yana zuwa yana aron wayata. Kullum sai a ce a kashe take."

Na ce, "Ƙanena ne, Alhaji. Yana ina? Don Allah a kira mini shi."

Ya ce, "Ai motarsu ta tashi shekaranjiya, sun yi arewa, ban san garin ba. Ya ce mini tsohuwarsa ba ta taɓa kashe waya ba. Ya ce in dai a kashe take, to Allah ya yi mata rasuwa ke nan. Dabino ya saya a nan wajena ya raba sadaka, muka yi mata addu'a."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na kasa duban Inna. Sai na ji ta matso, ta dafa ginshiƙin, ta kai bakinta kusa da safar.

"Bawan Allah, ni ce tsohuwar. Ya rame?"

Dattijon ya ce bai rame sosai ba, da ƙarfinsa. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka kamar shi ne ɗan. Da kiran ya katse ta ce, "Ashe yana da rai." Can kuma ta ce, a hankali, "Shi kuwa yana can ya binne ni." Ba ta ce laifina ne ba, ban ce nata ne ba. Kujerarta kawai ta ce in ɗauko mata in ajiye a ƙarƙashin ƙusar.

Babu abin da ban yi ba bayan nan. Duk wanda na ji zai tafi arewa daga Matameye ko Kance sai na bi shi har tasha da saƙo: in ka ga wane, ka ce masa uwarsa tana raye, lambar tana nan. Dattijon nan na dame shi da kira har na ji nauyinsa. Amma wanda ya riga ya yi wa mahaifiyarsa sadaka, me zai sa ya sake neman lambarta? Hanyar Yauri da na ce na huta da ita, sai na koma bin ta fiye da da, don na kasa barin Inna ita kaɗai da ƙusar nan.

Sabon layi kuwa bai taɓa ba ni kunya ba, dole in faɗi gaskiyarsa. Shekarun da suka rage wa Inna, duk lokacin da na kira sai ya shiga. Ta cikinsa ma maƙwabta suka sanar da ni rasuwarta, murya tar, babu kalma ɗaya da ta ɓace mini.

Yanzu tsohon layin yana shagona, na kafa masa ƙusa a saman keken ɗinki, cikin safar nan dai. Ina zuba masa kuɗi don kada kamfani ya rufe shi, ba na barin cajin wayarsa ya ƙare. Yakan yi ƙara jefi-jefi, in tsayar da keke da sauri, in tarar talla ce.

Abin da satin nan ya koya mini shi ne, na auna komai ta gefena kaɗai. Na gwada yadda zan sami wanda nake nema, ban gwada yadda mai nemanmu zai same mu ba. Shi ya sa duk wanda ya zo shagona yana cewa zai gwada sabon layi, nakan ce masa ya gwada, amma ko aron waya zai yi, kada ya kashe tsohon ko na yini ɗaya, don bai san wanda ya haddace lambar ba. Ni yanzu kiran da nake jira, idan Allah ya sa ya shigo, abin da zan faɗa wa autanmu shi ne sadakar da ya yi ta riga lokacinta, amma yau ta zama gaskiya.