Tim-tim ɗin da magajin gari ya ƙi karɓa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Lawali mai fata. Ranar wata Talata ce bayan la'asar, a cikin zauren gidansa da ke Tasawa. Muna wurin ni da uwargidansa Hajiya Zali da babbar ɗiyarsa Mariyama, wadda kasuwancinsa ke hannunta yanzu. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Na yi rayuwata ina karanta labarai a gidan rediyo, shi kuwa ya yi tasa yana shinshina fatar akuya. "Malam Labaru" yake kirana, yana cewa na san abin da ke faruwa ko'ina a duniya ban da kasuwar garinmu. Yana da masu tara masa fata a garuruwan Urafan da Kanan Bakashe da Sarkin Hausa, mutanen da ke bin kasuwannin mako a kan babur ko amalanke suna sayen fatar jar akuya wajen mahauta. Yawancin abin da suka tara wuri ɗaya yake zuwa, wata 'yar majema da ke wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, mallakar wata dattijuwa da muke kira Madam.

Wata shekara Madam ta aiko cewa ƙarfinta ya ƙare, 'ya'yanta ba su son sana'ar, injinan tace ruwan jima kuma sun tsufa. In ba ta sami wanda zai zuba jari ba, rufewa za ta yi. Yaya ya san in majemar nan ta rufe, masu babura da amalanke ne za su fara ji a jikinsu. Ya ce zai sayi kaso a ciki. Da yake Faransancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, ni ya ɗauka tafinta.

Na sha karanta labarin jarin waje a rediyo, kullum kuma daga can yake tahowa nan. A wannan tafiya ne na ga dokokin ta ɗaya gefen, inda mu ne baƙin. Banki ya nemi sanin asalin dukiyarsa, abin da ya ci mu makonni, domin dukiyar Yaya ta taso ne daga rumfa da amana. An bayyana masa cewa ma'aikatan majemar suna da haƙƙin da mai kaso ba ya taɓawa, ba zai sallami kowa don ya kawo ɗan ɗan'uwansa ba. An gaya masa ruwan jima ba ya shiga kogi sai an tace shi, kuma sabon ginin tacewar sai da izini daga ofishin magajin gari. Duk wannan ya saurara, yana gyaɗa kai. Abin da ya kusa rusa maganar daban ne.

A wurinmu baƙon da ya zo kafa sana'a ba ya fara komai sai ya gaida mai gari, kuma ba ya zuwa hannu sake. Tun daga gida Yaya ya sa wani baduku ya ɗinka masa tim-tim, wato matashin zama, na jar fata, aka cusa shi, muka sha wahalarsa a jirgi. Na ce masa can ba a yin haka. Ya ce, "Kai dai ka fassara, Malam Labaru. Babu garin da ba a son girmamawa."

Magajin garin, wani siririn mutum mai tabarau, ya tarbe mu da fara'a, ya ba mu kofi. Da Yaya ya ajiye tim-tim a gabansa, sai fuskarsa ta canza. Ya shafa ɗinkin, ya yaba, sannan ya ce ba zai iya karɓa ba, domin takardar neman izininmu tana ofishinsa. Har bakin mota ya rako mu, wani ma'aikacinsa na biye da tim-tim a rungume.

Da muka isa masauki Yaya ya dube ni. Ya ce, "Haɗa kaya. Mutumin ga ya maido mani gaisuwa gaban yaronai. Garin da mai shi bai son ka, mi za ka zauna yi?"

Washegari ne za a sa hannu. Na yi bayani iya iyawata, bai ji ba. Da yamma Madam ta zo da kanta, na fassara mata abin da ya faru. Ta yi dariya har da riƙe ciki, abin da ya ƙara ɓata masa rai. Sai ta ce magajin garin nan, mijin ƙanwarsa ya taɓa neman izinin faɗaɗa garejinsa zuwa bakin kogi, aka hana shi, har yau ba sa zama teburi ɗaya ranar biki.

Yaya ya juyo gare ni. "Surukinai? Tambaye ta da kyau."

Na sake tambaya, ta tabbatar. Na san abin da yake tunawa. Yana saurayi ya taɓa rasa rumfa a wata kasuwa, bayan ya kai gaisuwarsa an karɓa, saboda wani ya zo daga baya da wadda ta fi tasa nauyi. Can sai ya ce, "To in bai amsar tawa, bai amsar ta wanda ya fi ni. Ni da ba ni da kowa garin ga, wannan ya fi mani." Da safe ya sa hannu. Izinin ya fito bayan mun dawo gida, ba tare da ya sake ganin magajin garin ba. Tim-tim kuwa ya bar wa ma'aikatan majemar a ɗakin da suke shan kofi.

Yau nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yadda al'amura suka koma. Ƙasashen da suka ci gaba sun ƙara sa ido a kan baƙon da ke son sayen kamfanoninsu, musamman abin da ya shafi tsaro da makamashi da fasaha. Majemar fatar akuya ba ta cikin wannan sahu, amma iskar ta taɓa kowa. Tambayoyin banki sun ƙaru, Mariyama takan kwana biyu tana haɗa amsar abin da a da waya ɗaya ke kashewa. Dangantakar ƙasarmu da tasu ta yi sanyi, biza ta yi wuya. Rabon da wani daga gidanmu ya taka majemar nan tun Yaya na da rai. Na tabbata da zai yi tsaki ya ce, "Dukiyata ta shiga, ni an tsaida ni bakin ƙofa." Kuma da ya yi gaskiya. Ban rubuta wannan don in ce tsarinsu ba shi da aibi ba.

Sai dai ga abin da na gani da idona. Da ya rasu, kasonsa ya koma hannun magadansa bisa takardun gado, ba wanda ya san fuskarsu a garin. Madam ta bi shi bayan shekara biyu. An sake magajin gari, gwamnatoci sun yi ta musayar zafafan kalamai, kason nan yana nan yadda ya bar shi. Abin da ya hango a masauki ran nan, shi ne ya riƙe iyalinsa lokacin da babu sauran mai tsaya musu a can.

Abin da ya ɗauko daga tafiyar bai tsaya can ba. Bayan dawowarmu ya hana yaran shagonsa karɓar ko goro daga masu kawo fata, ya ce a duba fata, a bar duban mai ita. Wani Bafillace daga wajen Mayahi ya gaya mini ranar sadakar bakwai cewa shagon Alhaji ne kaɗai wurin da ba ya buƙatar ɗan gari ya raka shi. Mariyama ta riƙe wannan. Masu babura na Urafan har yanzu suna sauke kaya a ƙofar gidan duk mako, wasunsu 'ya'yan waɗanda suka fara da shi ne. Saboda su nake gode wa Allah da ya sa Yaya bai haɗa kaya ya taho ran nan ba, nake kuma gode masa shi da ya iya haɗiye fushi ya sake tunani yana da furfura.

Bara ma'aikatan majemar suka aiko wa Mariyama hoto a waya: tim-tim ya fashe a gefe saboda zama. Sun tambaya ko akwai mai gyara. Ta sa aka kawo shi Tasawa, ɗan badukun da ya ɗinka shi ya sake masa ɗinki, ya koma cikin kayan fatar da suka tashi bayan babbar salla.