Ƙanƙarar da Ba Ta Kai Bungudu

"Ƙanƙara? Wadda ta ɓata muna gero bara, ita ake saye?"

Inna ke nan, mahaifiyata, ranar da ta zo daga Bungudu duba ni a Gusau, wata bazara a shekarun saba'in. Zafi ya galabaitar da ita, na ce ta zo in saya mata ƙanƙarar madara.

Gidan da ake yi ba shi da wata alama. Duk yaron da muka gani yana tsotsar tsinke sai mu tambaye shi, har muka isa wurin wata Hajiya mai firjin kananzir.

Inna ta lasa. Can sai ta jawo haɓar zane za ta ɗaure wa Baba guda.

Hajiya ta ce, "Inna, wagga ko tasha ba ta kaiwa, narkewa take."

Inna ta ce, "To, shi ai ba ya narkewa."

Sati na zagayowa sai ga ta da Baba, mutumin da ko kasuwa sai an yi da gaske yake zuwa.

Jiya jikata ta miƙo min askirim, na tuna su. Ku wa kuke fara tunawa in kun ɗanɗana abu mai daɗi?